Kafin a tada naƙuda, sai an duba bakin mahaifa

Ƴan uwa maza da mata na Kore Mairuwa da garuruwan kewaye, yau zancen haihuwa za mu yi.

Akwai ƙorafin da ake yawan ji a bakin rijiya da wajen suna. Za a kai mata biyu gidan haihuwa rana ɗaya, dukansu ciki ya wuce lokaci. A ɗaura ma ɗaya ƙarin ruwa, kafin magariba ta sauka lafiya. Ɗayar kuwa a ba ta ɗan magani, a ce ta kwanta ta jira, har ta kwana biyu. Sai dangi su yi fushi. Wasu su ce an raina su don ba su da kuɗi. Wasu su ɗauke ɗiyarsu su koma gida, su nemi mai allura.

Wanga fushi yana iya jawo hasarar rai biyu. Bambancin nan yana da dalili. Kafin a tada naƙuda, ungozomar likita takan duba bakin mahaifa. Abin da ta tarar shi ke nuna mata hanyar da za a bi. Ku karanta a hankali, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba.

MENE NE TADA NAƘUDA?

Mafi yawan mata, naƙuda kan zo musu da kanta in lokaci ya yi. Wannan shi ya fi. Amma wani lokaci zaman jinjiri cikin ciki yakan fi fitowarsa haɗari. To, sai likita ya sa naƙuda ta tashi da magani. Shi ake kira tada naƙuda.

Ba a yin sa don mace ta gaji da ciki, ko don maigida zai yi tafiya. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fidda ƙa'idodinsa. Ta ce sai da dalilin lafiya. Ga manyan dalilan da likitoci ke bi:

1. Ciki ya kai sati 41, naƙuda shiru. Mabiya, wadda ke ciyar da jinjiri, ta fara tsufa. Ruwan da yake kwance a ciki yana raguwa. Kowace rana da aka ƙara, haɗari na ƙaruwa.

2. Faya ta fashe, ruwa ya zube, naƙuda ba ta biyo ba. Ƙwayoyin cuta sun sami hanyar shiga. Bai kamata a kwana gida ana jira ba.

3. Hawan jini na mai ciki ya yi tsanani. Alamunsa su ne ciwon kai, kumburin fuska da hannuwa, da gani dishi-dishi. In aka bari, sai jijjiga. Ciwon ba ya warkewa sarai sai an haihu.

4. Jinjiri ya rasu a ciki. In motsi ya tsaya, kada a ce ciki ne ya kwanta. A tafi likita ranar nan.

5. Jinjiri ya daina girma, ko uwar na fama da ciwon sukari da ya ƙi jin magani.

A IYA ƘIDAYAR CIKI

Mu da wata muke ƙidaya. Likita kuwa da sati yake yi. Yakan fara daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Cikakken ciki sati 40 ne, kwana 280 ke nan. In da ganin wata ne, wata 9 da rabi. Ga dabara mai sauƙi: kowace kasuwar mako sati ɗaya ce. Kasuwa 40, ciki ya cika. Kasuwa 41, sai a je a ji ta bakin likita.

Ƴar uwa, in kin iya rubutu, rubuta ranar da al'adarki ta zo kowane wata. In ba ki iya ba tukuna, riƙe ta da wata alama, kamar salla ko shibkar fari. Ki fara awo da wuri. Tun 2016 OMS ta ce mai ciki ta ga likita sau 8, a kuma yi mata hoton ciki, wanda ake kira eko, kafin sati 24. Hoton farkon ciki shi ya fi faɗin gaskiyar kwanaki.

Ƙidayar nan ba wasa ba ce. In aka yi kuskure aka tada naƙuda ga cikin da bai kai ba, bakwaini za a samu.

BAKIN MAHAIFA

Ku ɗauki mahaifa kamar gora da aka kife. Cikin goran jinjiri ke kwance. Wuyan goran na kallon ƙasa. Wuyan nan shi ne bakin mahaifa. Tsawonsa santimita 3 ko 4.

Duk tsawon ciki a rufe yake. Yana da tauri kamar kan hanci. Wani yauƙi mai kauri ya toshe shi, don kada cuta ta shiga. Shi ke tsare jinjiri har wata tara.

In haihuwa ta kusa, sai ya fara sakewa. Ya yi laushi kamar leɓe. Ya gajarce, ya yi siriri. Ya juyo gaba, ya fara buɗewa. Likitoci kan ce ya nuna, kamar yadda mangwaro ke nuna. A lokacin ne yauƙin nan kan fito, wani lokaci da ɗan jini-jini. Mata da yawa kan ce zaƙi ne ke fita. Ba rake ko sukarin da aka sha suka tara shi ba. Marfin bakin mahaifa ne, kowace mai ciki na da shi. Kafin jinjiri ya wuce, sai bakin ya buɗe santimita 10.

Naƙuda aiki biyu ce. Jikin mahaifa na turowa daga sama, baki na buɗewa daga ƙasa. Ruwan naƙuda da ake ɗaura ma mace turi yake ƙarawa. In bakin ya nuna, turin zai buɗe shi. In ɗanye ne, mace za ta yini ta kwana tana shan wuya, hanya ba ta buɗe ba. Jinjiri ya gaji, uwa ta gaji, ƙarshenta sai aiki.

Kowane manomi ya san irin wannan. In ruwan fari ya sauka, ba a kwasar iri a ruga gona. Sai an tona ƙasa da hannu an ga inda danshi ya kai. In ya shiga, a shibka. In bai shiga ba, a dakata, don kada iri ya ƙone. Ungozoma ma tona ƙasarta take yi.

YADDA AKE DUBAWA

Da farko za a duba karnen awo. A auna jini. A shafa ciki a ji yadda jinjiri ya kwanta. A saurari bugun zuciyarsa. Mai lafiya zuciyarsa kan buga sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya.

Daga nan mace ta je ta yi fitsari, ta dawo ta kwanta. Ungozoma ta wanke hannu, ta sa safar hannu mai tsabta. Ta sa yatsu biyu a hankali ta taɓa bakin mahaifa. Minti ɗaya ko biyu an gama. Akwai ɗan rashin daɗi, amma ba ya cutar da jinjiri. Jan numfashi a hankali yana rage zafin.

Mun san akwai kunya, balle ga mai cikin fari. Kunya ado ce. Amma ido ba ya ganin bakin mahaifa daga waje, shafa ciki kuma ba ya nuna shi. Hakkinki ne a gaya miki abin da za a yi kafin a taɓa ki. Hakkinki ne a ja labule. Kina iya roƙon mace ta duba ki in akwai. Bayan an gama, ki tambaya me aka gani.

A kula da abu biyu. In mai ciki na zubar da jini, kada kowa ya sa mata hannu. Mai yiwuwa mabiya ce ta tare hanya, taɓa ta kuwa na iya ɓalle jini mai yawa. Likita ma sai ya yi hoto tukuna. In faya ta fashe kuma, ana rage yawan dubawa, don kowane sa hannu na iya kai cuta ciki. Saboda haka wannan dubawa ba ta gida ba ce.

ABUBUWA BIYAR DA AKE LISSAFAWA

A da, kowane likita da yadda yake kimantawa. A shekarar 1964 wani likitan mata na ƙasar Amurka, mai suna Edward Bishop, ya tsara abin cikin lissafi. Ya ce a duba abubuwa 5, a ba kowane maki, a haɗa. Har yau lissafin na ɗauke da sunansa. Ana koyar da shi a makarantun ungozoma na ƙasashe da yawa. Ba ya bukatar inji ko lantarki, yatsu biyu da sani sun isa.

Na ɗaya: buɗewa. In a rufe yake, 0. In ya buɗe santimita 1 ko 2, yatsa ɗaya na shiga, maki 1. In santimita 3 ko 4 ne, maki 2. In ya kai 5 ko ya wuce, maki 3.

Na biyu: gajarta. Ku tuna da wuyan ƙaramar riga in ana sa ma yaro. Kai na shiga, wuyan na miƙewa yana sirancewa. Haka bakin mahaifa ke yi. In yana nan da tsawonsa, 0. In ya ragu zuwa rabi, maki 1. In saura kashi ɗaya cikin uku, maki 2. In ya zama siriri ƙwarai, maki 3.

Na uku: laushi. In da tauri, 0. In tsaka-tsaki, maki 1. In ya yi laushi, maki 2.

Na huɗu: inda ya fuskanta. In yana can baya, wajen gadon baya, 0. In ya zo tsakiya, maki 1. In ya juyo gaba, daidai hanyar fita, maki 2.

Na biyar: saukowar kan jinjiri. Cikin ƙashin ƙugu akwai ƴan tsini biyu, dama da hagu. Da su ake gwadawa. In kai na can sama, 0. In ya fara shiga, maki 1. In ya kai tsinin ko ya kusa, maki 2. In ya wuce su, maki 3.

Mu haɗa mafi yawan abin da ake iya samu: 3 + 3 + 2 + 2 + 3 = 13.

Ga fassarar lissafin. Daga 8 zuwa sama, baki ya nuna. Naƙudar da aka tada za ta tafi kusan kamar wadda ta zo da kanta. Daga 6 zuwa ƙasa, bai nuna ba. Sai an fara nunar da shi. Mai 7 tana tsakani, likita zai dubi sauran halinta.

MU YI LISSAFI TARE

Mu ɗauki misalin mata biyu, dukansu ciki ya kai sati 41.

Ta farko ta taɓa haihuwa uku. Bakin ya buɗe santimita 3, maki 2. Ya ragu zuwa rabi, maki 1. Ya yi laushi, maki 2. Ya juyo gaba, maki 2. Kai ya kusa tsini, maki 2. Jimla: 2 + 1 + 2 + 2 + 2 = 9. Ita ce za a ɗaura ma ruwa da safe. Ana sa ran ta sauka a ranar.

Ta biyu cikin fari ne. Bakin a rufe, 0. Da tsawonsa, 0. Laushi tsaka-tsaki, maki 1. Yana baya, 0. Kai ya fara shiga, maki 1. Jimla: 0 + 0 + 1 + 0 + 1 = 2. In aka ɗaura mata ruwa yanzu, wahala za ta sha. Ita ce za a ce ta kwanta.

Kun ga ba kuɗi ba ne suka raba su, ba kuma sanayya ba. Lissafi ne.

Amma lissafin nan ba duba ba ne. Kimantawa ce, kamar yadda ake duban hadari a ce za a yi ruwa. Mace mai maki kaɗan na iya haihuwa da kanta lafiya lau in an nunar da bakin. Mata da yawa haka suke yi. Wadda ta taɓa haihuwa da kanta ta fi mai cikin fari saurin amsa magani, ko da makinsu ɗaya. Likita kan dubi girman jinjiri da faɗin ƙugun uwa. A manyan asibitoci akan auna tsawon bakin mahaifa da hoto. Amma bincike bai nuna hoton ya fi hannun ƙwararriyar ungozoma ba.

IN BAKI BAI NUNA BA

Akwai hanyoyi uku da aka fi bi.

Ta farko, shara da yatsa. In yatsa na iya shiga, ungozoma kan zagaya da shi ta ɗan raba faya da jikin mahaifa. Wannan kan sa jiki ya fidda nasa maganin. Sau da yawa naƙuda kan zo da kanta cikin ƴan kwanaki. Akan ga ɗan ɗigon jini da ciwon mara.

Ta biyu, ƙwaya. Sunanta a jikin takarda misoprostol. Asalinta maganin gyambon ciki ce, daga baya aka gane tana tausasa bakin mahaifa. Ɗan mitsitsi ake bayarwa. In aka kasa ƙwaya ɗaya kashi 8, kashi ɗaya ke nan. Likita ke auna shi. Bayan ƴan awoyi a sake dubawa, a ga ko za a ƙara. Matar da aka taɓa yi ma aikin haihuwa ba a ba ta wannan ƙwaya don tada naƙuda, domin ɗinkin na iya ɓallewa.

Ta uku, ƴar roba mai balan-balan a kai. Ana zura ta ta bakin mahaifa, a cika kan da ruwa mai tsabta har ya kai kamar ƙwan kaza. Nauyinta ke danna bakin a hankali. In ya buɗe, sai ta faɗo da kanta. Akan bar ta kamar awa 12, wani lokaci fiye. Ba ta sa mahaifa murɗawa fiye da kima.

Nunarwa na iya cin yini da kwana, ko kwana biyu. A wannan lokaci ba a manta da mace ba. Magani ne ke aiki. Ana sake dubawa, ana sake lissafi. Wadda ta fara da 2 na iya kai 8 washegari. In an gwada bai yi ba, ba lalle sai aiki nan take ba. In uwa da jinjiri na lafiya, likita na iya barin ta ta huta, a sake gwadawa ko a canza hanya.

IN BAKI YA NUNA

Sai a ɗaura ruwa mai maganin da ake kira ositosin. Ta jijiya ake ba da shi, ɗigo-ɗigo. Ana farawa da kaɗan, ana ƙarawa sannu. Wani lokaci akan fasa faya da gangan, in kan jinjiri ya zauna sosai.

Ungozoma kan ɗora hannu bisa ciki, tana duban agogo. Abin da ake so shi ne murɗa 3 ko 4 cikin minti 10, da hutu tsakaninsu. Lokacin hutun ne jini ke isa ga jinjiri ya kai masa iska. In murɗa ta wuce 5 cikin minti 10, ta yi yawa. Sai a rage ruwan ko a rufe shi. Ana sauraren zuciyar jinjiri kowane rabin awa.

Ƴan rakiya, kada wanda ya taɓa robar ruwa don ya ƙara gudu. Ɗigon nan ƙidaye yake. Matar da ke kan wannan ruwa ba a barin ta ita kaɗai. In ciwo ya ƙi sakinta, ko jini ya zubo, ku kira ungozoma maza-maza.

WAƊANDA BA A TADA MUSU NAƘUDA

Ko baki ya nuna, akwai matan da magani ba nasu ba ne. In jinjiri ya gitta cikin ciki, turi ba zai fidda shi ba. In mabiya ta tare hanya, haka. In kan jinjiri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, haka. Wannan yakan faru ga yarinyar da ta ɗauki ciki ƙashinta bai gama girma ba. Waɗannan aiki ne hanyarsu.

Akwai kuma waɗanda sai da taka tsantsan. Su ne wadda aka taɓa yi ma aiki, da wadda ta haihu sau 5 ko fiye. Mahaifar da ta yi aiki da yawa takan yi siriri. Kada a ce ai ta saba. Kowane ciki da halinsa.

HAƊARIN TADA NAƘUDA A GIDA

Nan ne muke son kowa ya buɗe kunne.

Ositosin da misoprostol magunguna ne masu ceton rai. Bayan jinjiri ya fito, su ke matse mahaifa su tsai da jini. Amma kafin ya fito, in an ba da su barkatai, kisa suke yi. Allurar da aka soka a cinya ko ɗuwawu ta shiga ke nan. Ba ta da marfin da za a rufe in ta yi yawa. Mahaifa za ta murɗe ba hutu. Jinjiri ya rasa iska. In hanya a rufe take, mahaifa ta tsage. Alamarta ita ce ciwo mai tsanani, sai naƙuda ta tsaya farat ɗaya, zufa mai sanyi ta keto, motsin jinjiri ya ɓace. Matar nan in ba a kai ta ɗakin aiki da gaggawa ba, jini zai ƙare mata a ciki.

In an ba ki ƙwayoyi a wajen awo don tsai da jini, na bayan haihuwa ne. Ƙwaya 3 ɗin nan sun ninka abin da likita ke bayarwa don tada naƙuda sau 24. Kada ki sha su sai jinjiri ya fito, an kuma tabbata babu na biyu a ciki.

Saiwa da sassaƙe da ake jiƙawa don naƙuda, wasunsu na da ƙarfi ƙwarai. Amma ba wanda ya san ma'auninsu. Mai ba da su kuma bai duba bakin mahaifa ba. In an riga an sha, a faɗa ma ungozoma gaskiya. Ba faɗa za ta yi ba, so take ta san yadda za ta auna nata maganin.

Danna ciki da hannu ko da gwiwa ba ya buɗe hanya. Yankan gishiri ma ba ya buɗe ta. Reza na iya huda mafitsara, mace ta kamu da yoyon fitsari. Doguwar naƙuda ma na kawo yoyon fitsari. Kada rana ta fito ma mace sau biyu tana naƙuda. Tun ba a kai haka ba, a ɗauke ta.

INA AKE YIN SA?

OMS ta ce, in da hali, a tada naƙuda a inda ake iya yin aiki in abu ya rikice. A likitocin karkara irin na Kore Mairuwa, Dumega da Geceme ana awo, ana karɓar haihuwa. Ungozoma na iya duba bakin mahaifa, ta yi lissafinta. Amma aikin fiɗa sai babban asibiti. Shi ya sa za ka ji ta rubuta takarda ta ce a tafi Dogon Dutsi, ko gidan kula da uwa da yaro na Doso. In abin ya fi ƙarfinsu, sai babban gidan haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai. Takardar nan ba kora ba ce. Ungozomar da ta tura ku da wuri ta san aikinta.

Kore Mairuwa na kan babbar hanya mai kwalta tsakanin Doso da Dogon Dutsi. Amma ƙauyukanmu da yawa sai da amalanke cikin rairayi. Da damana kuma ƙoramu kan yanke hanya. Wadda ke nesa, in ciki ya kai sati 40, gara ta matso kusa da likita ta zauna wurin dangi.

Game da kuɗi, a shekarar 2005 gwamnati ta yi dokar da ta sa aikin haihuwa kyauta. A 2006 aka ƙara da awon ciki. Daga 1 ga Satumba 2024 kuma, aka ce haihuwa kyauta ce a likitocin gwamnati. Duk da haka a tanadi kuɗin mota da na abinci.

Binciken da aka yi a ƙasarmu a 2012 ya nuna mata 535 ke rasuwa cikin haihuwa 100.000. Wato kusan mace 1 cikin haihuwa 200. Jini, jijjiga, doguwar naƙuda da cuta bayan haihuwa su ne manyan masu kisa. Dukansu isa likita da wuri na rage su.

AIKIN KOWA

Maigida: in za ka tafi cin rani, ka bar izini tun kafin ka tashi. Ka ce in an bukaci likita a tafi, ba sai an neme ka ba. Ka ware ɗan akuya ko damin hatsi don ranar. Ka riƙe lambar salular likita da ta mai mota. Ka nemi ɗan uwa ɗaya ko biyu da za su ba da jini in an bukata.

Uwar miji da uwar ɗiya: ku ake ji a ɗaki. In ungozoma ta ce a jira, ku tambaye ta dalili. Ku ce: baki ya nuna ko bai nuna ba? Maki nawa? Yaushe za a sake dubawa? In kun ji amsa, ku kwantar ma ɗiyarku da hankali. Kada ku ɗauke ta ana tsakar magani. Maganin na cikin jikinta, naƙuda na iya kama ta a kan hanya.

Arwanka: mata sun yarda da ke, kin san kowane gida. Ki san masu ciki na unguwarki da watanninsu. Wadda cikinta ya wuce lokaci, wadda fayarta ta fashe, wadda fuskarta ta kumbura, ki raka ta likita da kanki.

Mai ciki: ki je awo, ki adana karne, ki san satinki. Ki lura da motsin jinjiri kullum. Ki faɗi gaskiyar haihuwarki ta baya, ko an taɓa yi miki aiki, ko kin taɓa zubar da jini.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Ciki cikakke sati nawa ne? A sati nawa ake komawa a ji ta bakin likita?

2. Ku faɗi abubuwa 5 da ungozoma ke dubawa.

3. An duba wata mace an sami 1 + 1 + 1 + 0 + 1. Makinta nawa? Ruwa za a ɗaura mata, ko nunarwa za a fara?

4. Don me allurar naƙuda a gida ke da haɗari?

5. A garinku, in naƙuda ta rikice da tsakar dare cikin damana, wa ke da amalanke, wa ke da mota, wa ke riƙe da lambar likita? In ba ku da amsa, ku zauna da maigari ku shirya tun yanzu.

Masu ciki, Allah ya raba lafiya.